Gidan Rose da Littafin Lissafin Henslowe

Duk wanda ya ɗan karanta tarihin wasan kwaikwayo na Ingila, gida ɗaya ya fi sani, wato Globe, domin a nan ne Shakespeare ya yi aiki. Amma da za a tambayi masana wane gidan wasa na zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya suka fi sanin cikinsa, wato abin da aka nuna ran kaza, da nawa aka samu a ƙofa, da wanda ya rubuta wasan, da abin da aka biya shi, ba Globe za su ambata ba. Za su ambaci wani ƙaramin gida mai suna Rose, wanda ya tsaya 'yan taku kaɗan daga inda aka gina Globe, a kudancin kogin Tems a Landan, daga 1587 zuwa wajen 1605. Dalili kuwa guda ne. Mai gidan, Philip Henslowe, mutum ne mai rubuta kwabo da sule, littafinsa kuma bai ɓace ba. Sai dai littafin nan da ya haskaka wa masana hanya shi ne kuma ya jawo wa mai shi baƙin suna na tsawon shekaru. An karanta shi aka ce ga jahili, ga mai karɓar jingina wanda ya mai da fasaha haja, ga mai cin gumin marubuta. Wannan hukunci yana bukatar a sake dubansa, gama waɗanda suka yanke shi sun zo wa littafin kasuwa da ma'aunin waƙa.

Henslowe marini ne tun asali. Ya yi yaron gida a wurin wani mai suna Woodward, da maigidan ya rasu sai ya auri matarsa Agnes, ya sami jari. A 1585 ya karɓi hayar wani fili a Southwark na shekara 20, a kan fam 7 kowace shekara. Sunan filin ne gidan wasan ya gada, ma'anarsa kuwa furen wardi. Zaɓen wurin ba da ka aka yi shi ba. Magajin garin Landan da dattawansa ba sa ƙaunar 'yan wasa. Suna cewa taron jama'a yana yaɗa annoba, yana janye yara masu koyon sana'a daga wurin aiki, yana tara ɓarayi. Masu wa'azi da yawa ma suna sukar wasan daga kan mumbari. Amma ikon magajin gari bai kai wannan yanki na ƙetaren kogi ba, inda dama akwai mashaya, da gidajen karuwai, da filayen da ake haɗa karnuka faɗa da beyar da bijimai. A 1587 Henslowe ya ƙulla yarjejeniya da wani mai kanti, John Cholmley, wanda ya yi alkawarin biyan fam 816 kaɗan kaɗan cikin shekara takwas da 'yan watanni, a bakin rabin abin da gidan ya kawo, tare da cewa shi kaɗai zai sayar wa 'yan kallo abinci da abin sha. Wani kafinta, John Griggs, shi ya gina. Ba shi ne gidan wasa na fari a Landan ba, gama James Burbage ya gina nasa a arewacin birni tun 1576. Amma tun daga takardar farko mai karatu zai ga cewa ba a manta da mai tallan giya da burodi ba.

Kuɗin da ke cikin wannan labari ba baƙo ba ne ga dattawan da suka ga zamanin Ingilishi a Najeriya da Gana: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. A lokacin nan ƙwararren ma'aikaci a Landan yakan sami wajen sule ɗaya a yini. Da kwabo ɗaya mutum zai shiga tsakar gidan wasa ya tsaya da ƙafafunsa, rana ko ruwa a kansa. In ya ƙara kwabo sai ya hau rumfar bene ya zauna, in ya ƙara wani kuma ya sami wuri mai matashi.

Littafin kansa ba sabo Henslowe ya saya ba. Ɗan'uwansa John ya fara amfani da shi wajen lissafin aikin ƙarfe a dajin Ashdown. Philip ya juya shi, ya soma rubutu daga ɗaya gefen a 1592. Turawa suna kiransa littafin abubuwan yau da kullum, amma sunan bai dace ba, domin ba inda mutumin ya faɗi abin da ke zuciyarsa. Abin da ke ciki shi ne kuɗin shiga, da rance, da jingina, da kuɗin katako da ƙusa, har da lakanin magunguna da dabarun wasan karta. Ya tsira ne ta hannun Edward Alleyn, babban ɗan wasan zamanin, wanda ya auri Joan, agolar Henslowe, a watan Oktoba na 1592, ya kuma kafa makarantar Dulwich a 1619. A can takardun suka kwanta har Edmond Malone ya buga wani sashe nasu a 1790. Bayan haka littafin ya faɗa hannun John Payne Collier, wanda ya buga shi a 1845, ya kuma cusa masa layuka na jabu da alƙalaminsa. Sai da W. W. Greg ya sake tace shi tsakanin 1904 da 1908, sa'an nan R. A. Foakes da R. T. Rickert a 1961, kafin aka rabe gaskiya da ƙarya. Yana da kyau a tuna da wannan sa'ad da ake zancen wanda ya ci amanar adabi. Ɗan kasuwan ya rubuta abin da ya faru, malamin adabin ne ya ƙara abin da bai faru ba.

Lissafin wasanni ya fara ran 19 ga Fabrairu 1592. Kowane layi yana da rana, da sunan wasa, da kuɗin da ya shigo hannun mai gida, wanda masana suka fahimta cewa rabin kuɗin rumfuna ne, sauran kuwa na 'yan wasa. Ran 3 ga Maris ya rubuta wani wasa kan Sarki Henry na Shida, da 'yar alamar da yakan sa wa sabon wasa, ya kawo masa fam 3 da sule 16 da kwabo 8. Yawancin masana suna ganin shi ne wasan da yake cikin littattafan Shakespeare. A Janairu 1594 kuma aka fara nuna Titus Andronicus a wannan gida. Duk da haka sunan Shakespeare bai fito ko sau ɗaya a littafin ba. Masu mulkin dandamalin Rose su ne wasannin Christopher Marlowe, wato Tamburlaine, da Bayahuden Malta, da Dokta Faustus, tare da wasan ramuwar gayya na Thomas Kyd, Alleyn kuwa shi ke ɗaukar manyan mutanen cikinsu. An kashe Marlowe a watan Mayu na 1593, amma wasanninsa sun ci gaba da cika gidan shekaru bayan haka.

Abin da ya fi girgiza mai karatu na yau shi ne yawan aikin. Daga 1594 ƙungiyar Admiral ce ta zauna a Rose. Ana kiranta haka domin 'yan wasan barorin babban hafsan sojan ruwa ne a suna, gama dokar 1572 tana ɗaukar ɗan wasan da ba shi da ubangida a matsayin gantalalle, wanda za a iya yi wa bulala. A kakar 1594 zuwa 1595 wannan ƙungiya ta nuna wasanni 38, 21 daga ciki sababbi. Suna wasa kwana shida a mako, da rana tsaka, yau wannan gobe wancan, ba a cika maimaita wasa kwana biyu a jere ba. Wato kusan kowane mako biyu sai sabon wasa, kowane ɗan wasa kuma yana riƙe da maganganun wasanni masu yawa a kansa lokaci guda. Babu mace a cikinsu, samari ne ke sa kayan mata. Gida mai irin wannan ci, tilas ne ya nemi masu dafa masa ba dare ba rana.

A nan ne ƙarar da ake yi wa Henslowe ta samo tushe. Daga 1597 littafin ya cika da sunayen marubuta: Thomas Dekker, Henry Chettle, Michael Drayton, Anthony Munday, Ben Jonson, Thomas Heywood, da wasu. Kuɗin wasa ɗaya wajen fam 6 ne, sau da yawa kuma mutum uku ko huɗu ke raba shi. Ana ba su kafin alƙalami, su kawo takardu kaɗan, a ƙara musu. Kullum suna cikin bashi. A Fabrairu 1598 an ba da sule 40 don a fitar da Dekker daga kurkuku, a Janairu 1599 kuma aka sake biyan fam 3 da sule 10 don a sake shi daga hannun masu kama shi. Chettle ma ya sha irin wannan. Akwai kuma lissafin da kowane mai sukar Henslowe yake so ya kawo. A farkon 1603 an biya Heywood fam 6 ladan wasansa mai suna Matar da Alheri Ya Kashe, wasan da har yau ake karantawa, amma baƙar rigar karan-miski da aka ɗinka domin wasan ta ci fam 6 da sule 13. Riga ta fi marubuci tsada. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masani, F. G. Fleay, ya zana Henslowe a matsayin mai kuɗi marar ilimi wanda yake riƙe marubuta da igiyar bashi, wannan hoto kuwa ya daɗe. Ko fim ɗin nan na 1998 kan soyayyar Shakespeare, wawa mai gudun masu binsa bashi ya mai da shi.

In aka karanta layukan a hankali, ba duka ƙarar ce ke tsayawa ba. Ba Henslowe ne ke sayen wasa ba. Ƙungiya ce ke saye, shi kuwa yana ba ta rance. Kusan kowane biya yana ɗauke da sunan ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan, kamar Thomas Downton, ko Robert Shaa, ko Samuel Rowley, a matsayin wanda ya ba da umarni. Akwai wata 'yar takarda ta Nuwamba 1599 inda Shaa yake gaya wa Henslowe cewa sun saurari wani sabon wasa, ya yi musu, kuɗinsa fam 8, a biya. Ashe kunnen da ya auna wasan na 'yan wasa ne, aljihun ne kawai na mai gida. Bashin ƙungiyar yakan kai ɗaruruwan fam, masana na baya da suka bi lissafin kuma ba su ga inda ya ɗora mata kuɗin ruwa ba. Ribarsa tana ƙofar rumfuna. In gida ya cika ya ci, in annoba ta rufe gida, kamar yadda ta yi yawancin watannin 1592 zuwa 1594, ya yi asara tare da kowa.

Zancen jahilci kuwa, dogaro aka yi da yadda yake rubuta kalmomi, kowace rana da nata salo. Amma a zamanin nan ba a tsayar da ƙa'idar rubutun Ingilishi ba tukuna. Shakespeare kansa bai rubuta sunansa iri ɗaya ba a sa hannunsa shida da suka rage. Rigar karan-miski ma tana da amsa, ko da yake amsar ba ta da daɗin ji. Riga jari ce, za ta shiga wasa goma, in an matsu a jinginar da ita. Wasa kuwa caca ne, yana iya mutuwa bayan an nuna shi sau uku. Fam 6 ma ba ƙaramin kuɗi ba ne a ƙasar da malamin makarantar garin su Shakespeare yake karɓar fam 20 a shekara. Inda aka cuci marubucin da gaske shi ne, da zarar ya miƙa takarda ta zama ta ƙungiya har abada, ko da wasan ya yi shekara ashirin yana kawo kuɗi. Wannan kuwa al'adar sana'ar ce gaba ɗaya, ba Henslowe ya ƙago ta ba.

Labarin Ben Jonson yana nuna halin mutumin fiye da kowace muhawara. A Satumba 1598 Jonson ya kashe Gabriel Spencer, ɗaya daga cikin 'yan wasan Rose, a faɗan takobi. Henslowe ya rubuta wa surukinsa Alleyn wasiƙa yana kukan rashin da ƙungiya ta yi, ya kira Jonson birkila, da nufin raini, gama sana'ar da ya fara koyo ke nan. Jonson ya tsira daga rataya, aka yi masa tambarin wuta a babban yatsa. Kafin shekara ta zagayo, sai ga sunansa ya komo cikin littafin, ana biyansa kuɗin sabon wasa. Wani zai ce haƙuri ne, wani zai ce rashin zuciya. Abin da ya tabbata shi ne, gidan yana bukatar wasa a mako mai zuwa.

Duk da haka wanke shi tas zai zama wani son zuciyar. A 1615, shekara guda kafin rasuwarsa, wata ƙungiyar 'yan wasa ta rubuta jerin ƙorafi a kansa. Sun ce yana riƙe musu tufafi da takardun wasa da suka biya, yana wargaza ƙungiya sa'ad da ya ga dama, har suka ce ya taɓa faɗa da bakinsa cewa in suka fita daga bashinsa ba zai iya juya su ba. Maganar masu ƙara ce, amma ba wadda za a yar ba ce. Mai ba da rance ba ruwa yana iya samun abin da ya fi ruwa, wato iko. Mutumin da yake fitar da Dekker daga kurkuku ya san cewa alƙalamin Dekker nasa ne a watan gobe. Henslowe dattijon cocin unguwarsa ne, daga 1604 kuma shi da Alleyn ke riƙe da sarautar kula da beyar da karnukan faɗa na sarki, bai kuwa ga wani saɓani tsakanin biyun ba. Mutumin zamaninsa ne, bai fi shi ba, bai kuma kasa shi ba.

Akwai kuskure na biyu da ake yi wa littafin, wanda ya fi na farko illa ga fahimtar adabi. Da yake shi kaɗai ya rage, akan ɗauka ko dai kowane gida haka yake, ko kuwa a ce Rose masana'anta ce, Globe kuwa haikalin fasaha. Gaskiya ne tsarin ya bambanta, domin a Globe wasu manyan 'yan wasan, har da Shakespeare, suna da hannun jari a ginin kansa. Amma su ma kwabon ƙofa suke ci, su ma kowace rana da wasanta. Bambancin da ya fi girma shi ne, littafin lissafinsu ya ɓace, wasannin gwaninsu kuma abokansa suka tattara suka buga a 1623. A Rose akasin haka ya faru. Lissafi ya tsira, wasanni suka salwanta. Littafin ya ambaci wasanni fiye da 200, mafi yawansu suna kawai ya rage. Wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda aka san marubutansu aikin haɗin gwiwa ne. Heywood ya faɗa a 1633 cewa ya sa hannu a wasanni 220. Don haka mai nazarin da ya ɗauki wasan zamanin nan kamar aikin mutum ɗaya a ɗakinsa, yana jiran wahayi, ya ɗauki abin da ba a saba ba ya mai da shi ƙa'ida. Jerin kayan wasan ƙungiyar na 1598 ma yana faɗin abin da takarda ba ta faɗa. A ciki akwai bakin Jahannama, da kaskon da Bayahuden Malta ke faɗawa, da dodon Faustus, har da alkyabbar da in an sa ta 'yan kallo za su gane cewa mutum ya ɓace.

Shaida ta biyu ta fito daga ƙasa. Tsakanin ƙarshen 1988 da tsakiyar 1989, da aka rushe wani ginin ofis don a ɗora sabo, masu tonon kayan tarihi na gidan tarihin Landan suka ci karo da harsashin Rose. Shi ne gidan wasa na zamanin Elizabet na farko da aka tono. Gini ne mai kusurwa 14, faɗinsa wajen mita 22, rufinsa na ciyawa. Dandamalin ƙarami ne ƙwarai, zurfinsa wajen mita 5, yana tsukewa ta gaba. A kan wannan ɗan wuri ne Tamburlaine ya ci duniya da yaƙi, abin da ke nuna cewa rundunar tana cikin kalmomin Marlowe da muryar Alleyn, 'yan kallo kuwa suna kusa har su taɓa ƙafarsa. Ƙasa ta kuma gaskata littafi. Henslowe ya rubuta cewa a 1592 ya kashe fiye da fam 100 kan gyaran gidan, masu tono kuwa suka tarar an tura bangon arewa baya, an faɗaɗa tsakar gida, an sake dandamali, domin a sami wurin ƙarin mutane. An sami ɓawon wasu 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa birjik a daɓen. Da fari aka ce abin da 'yan kallo suka ci ne, daga baya aka fi yarda cewa da toka aka gauraya shi aka yi daɓe. An kuma sami fasassun asusu na yumɓu, irin wanda sai an fasa ake fid da kuɗin ciki. Manyan 'yan wasan Ingila, irin su Peggy Ashcroft da Ian McKellen, suka tsaya a wurin don hana motocin gini binne shi, aka sauya fasalin sabon ginin, harsashin ya zauna a ƙarƙashinsa a lulluɓe. Amma kuɗi da 'yan yawon buɗe ido sun tafi wajen sabon Globe da aka buɗe a 1997.

Haka ma ya faru da fari. A 1599 aka gina Globe a ƙetaren hanya, ya fi Rose girma, ga shi sabo. Henslowe da Alleyn ba su tsaya gardama ba. A 1600 suka ɗauki Peter Street, kafintan da ya yi wa Globe aiki, ya gina musu gidan Fortune a arewacin birni, ƙungiyar Admiral ta koma can. Wata ƙungiya ta yi wasa a Rose daga 1602 zuwa 1603, ita ce ta sayi wasan Heywood da rigar nan. A Maris 1603 Sarauniya ta rasu, annoba ta sake rufe gidajen wasa. A watan Yuni Henslowe ya rubuta cewa an nemi ya sabunta hayar filin a kan fam 20 a shekara, ya kuma kashe wasu kuɗi kan gini, shi kuwa ya amsa cewa gara ya rushe gidan. Haya ta ƙare a 1605. A 1606 takardun hukumar magudanan ruwa ta yankin suna ambaton wurin a matsayin inda gidan wasa yake a dā.